Ranar da Na Koya wa Kwamfuta Kasa Albasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar ajin kwamfuta a Jega ba, kuma ko da Allah ya taimake ni na manta, akwai wani mutumin Maiyama da ya mai da tuna mini sana'a. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tun kafin ya gama zuba masa gishiri.

Ni mutumin Aliero ne, sana'ata albasa. Na noma ta, na kasa ta a bakin hanya tun ina yaro, yanzu ina loda ta a mota zuwa Kudu. Boko kuwa na yi, amma a aji biyu na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo aka rasa mai ban ruwa a fadama. Waɗanda nake koya wa lissafi a aji, yau su ne masu ofis da fanka. In mun haɗu a wurin biki sai su miƙo mini yatsu uku su ce, "Ya albasa?" kamar ba ni da iyali da za a tambaya. (Ba haushi nake ji ba. To, ina ji, amma ba shi ne labarin ba.)

Muna da ƙungiyar 'yan albasa da ta haɗa mutanen Aliero da Jega da Maiyama. Sakatarenmu ya tsufa, ido ya ƙi, ya ce a nemi wani. Shugabanmu Alhaji Maccido, wanda bai taɓa zama a benci na boko ba amma ya fi kowa son sabon abu, ya sayo kwamfuta ta tafi-da-gidanka ya ajiye a gabanmu, ya ce sabon sakatare dole ya iya ta. Mu biyu muka ɗaga hannu: ni da Bello.

Bello taubashina ne, ɗan kawuna, a Maiyama yake zaune. Tun muna yara yake kirana bawansa, kuma bai taɓa ganin na ɗauki abu ba tare da ya ce ya fi ni iyawa ba. Alhaji ya dube mu ya ce mu je mu shiga ajin koyon kwamfuta da ake yi a wani shago a Jega, tun da nan ne tsakiya. Ranar da za a rufe ajin zai zo da kansa ya ga abin da kowa ya koya, ya zaɓi ɗaya.

Kada ka ce mene ne abin so a sakataren 'yan albasa. Kujera ce kusa da shugaba. Kai ne za ka shiga gaban mota in za a je taro Birnin Kebbi. Kuma mutane za su ce maka "Sakatare". Na haura hamsin ba a taɓa kirana da sunan wani muƙami ba, ko monita ban yi ba. Wannan nake so, ban ɓoye ba.

Malamarmu sunanta Rukayya, sa'ar 'yata ta fari, ta karanta kwamfuta a jami'a. Sauran ɗaliban duk samari ne da 'yan mata, sai mu biyu da furfura a bayan aji. Tana ce mini Baba, tana ce wa Bello Baba, abin da bai yi mini daɗi ba don na girme shi. Makonnin farko ba sai na faɗa ba. Yatsun da suka saba da ɗinkin buhu, in suka danna harafi ɗaya sai uku su fito. Ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kuwa, na ja shi har ya faɗo ƙasa, kibiyar ba ta kai inda nake so ba.

"Bawana, sassauta mashi," in ji Bello. "Ba jaki na ba."

Na ce, "Kai da kab buɗe ta da bisimilla ukku ka rasa inda aka kunnawa?"

Haka muke har muka ɗan iya rubutu da adana abu. Da aka kusa gamawa sai Malama ta ce za ta ɗanɗana mana yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, don mu san cewa na'urar nan ba aljani ba ce, abin da aka faɗa mata kawai take yi. Ta rubuta ayyuka a allo, ta ce kowa ya zaɓi ɗaya da zai nuna ranar walima. Bello ya yi wuf ya ɗauki mafi sauƙi: kwamfuta ta tambayi sunanka, ka rubuta, ta ce maka sannu da zuwa. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ni kuwa na ce a nuna mini wanda kowa ya gudu ya bari.

Shi ne na lambobin da ta kira firam. Ta yi bayani da Turanci, ta yi da Hausa, samarin nan suna ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba. Can sai abin ya faɗo mini.

"Malama, tsaya. Kina nuhin in an ba ni albasa sha biyu, ina iya kasa ta ukku-ukku ko hurhuɗu, ba saura. In an ba ni sha ukku kuwa, duk yadda na kasa sai wata ta yi saura, sai dai in jera ta ɗai-ɗai ko in tara ta kashi guda?"

Ta ajiye alli ta dube ni. "Baba, wallahi ka fi littafin iya bayani. Sha uku firam ce, sha biyu ba firam ba ce. Ku ji yadda Baba ya faɗa."

Wannan yabon shi ya kashe ni. Mutumin da ya yi shekaru ba a yabe shi a aji ba, bai kamata a ba shi da yawa lokaci ɗaya ba. Ranar a kan babur na koma Aliero ina magana ni kaɗai, har na wuce kwanar gidanmu.

Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta abin da take kira fankshin. In ka cire sunan, ɗan aike ne: ka rubuta masa aikinsa sau ɗaya, ka ba shi suna, duk sadda ka kira shi ya yi. Nawa ɗan aiken za ka ba shi lamba biyu, inda zai fara da inda zai tsaya. Sai ya bi lambobin da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya ɗauka, ya gwada kasa ta bibbiyu, ya gwada uku-uku, ya gwada hurhuɗu, haka har ya kusa kai ita kanta lambar. In a wani gwajin ta kasu ba saura, ya jefar da ita. Wadda ta ƙi kasuwa har ƙarshe, ita zai rubuto maka. Ɗaya kuwa Malama ta ce ba ta cikin lissafi. (Na yi gardama a kan wannan, aka kayar da ni, ba sai na kawo ba.)

Na sha wuya. In ka manta ɗigo biyu, ta ƙi. In ka matsar da layi kaɗan, ta ƙi, ta cika maka fuska da jan rubutu. Malama tana zuwa tana leƙawa, ta ce Baba nan, Baba can. Wata rana bayan azahar na rubuta ɗaya da hamsin na danna, sai ga su sun jeru: biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, har zuwa arba'in da bakwai. Na daɗe ina kallonsu. Ko ranar da na fara cika tirela ban ji haka ba.

Bello ya leƙo ta kafaɗata yana taunar goro.

"Madalla da Malama," in ji shi.

"Mi kaka nuhi?"

"Wanga aikin Malama na. Kai naka dannawa. Ko akuya aka koya ma wurin tana danna shi. Nuna mani layi guda da kac ce wanga daga kaina ya hito."

Na ce masa duk daga kaina suka fito. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Ana jibi walima ina zaune a rumfata da la'asar, wata mata ta zo sayen albasar miya. Albasa bakwai ce ta rage a faifai. Na kasa mata uku-uku, kashi biyu, ɗaya ta yi saura, na jefa mata a kwano na ce ga gyara. Ta yi godiya ta tafi. Hannuna bai gama dawowa ba na tsaya cik.

Bakwai. Kwamfuta ta ce bakwai ba ta kasuwa. Ga shi yanzu na kasa ta a gaban idona, faifai ya tashi fayau. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san saura ɗaya ba saura ba ne, gyara ne. Ba a lissafa shi, ba a mayar da shi buhu, na mai saye ne. Wanda ya riƙe ƙwaya ɗaya ya hana, gobe ba zai ga kowa a rumfarsa ba. Sai na ce a raina: ashe Turawan da suka ƙera abin nan ba su san ciniki ba, Malama kuma a littafi ta karanta. Yawancin lambobin da suke ce wa masu taurin kai, ɗan kasuwa zai kasa su ya tashi. Na ainihin suna can ɓoye, 'yan kaɗan, kuma ni ne zan fito da su a gaban Alhaji Maccido, mutumin da ya san gyara fiye da kowa. Ga layin da ya fito daga kaina.

Ranar walima na sa shaddata ta Sallah. Ban tsaya nan ba, na cika mota guda da abokan rumfa daga Aliero, ni na gayyace su da bakina, na ce su zo su ga abu. (In ka ga mutum zai ji kunya sosai, bincika, shi ya tara 'yan kallon.) Na riga kowa shiga shagon, na buɗe aikina, na nemo layin da ke cewa in saura sifili ne a jefar. Na mai da shi in saura sifili ne ko ɗaya a jefar. Na adana, na rufe.

Malama ta shigo ɗauke da katan ɗin lemo. "Baba, ka sake gwada naka? Gwada sau ɗaya kafin baƙi su zo."

"Ɗiyata, buhun da na ɗinka da hannuna ban kwance shi in duba."

Ta yi dariya ta wuce. Ba ta san na taɓa komai ba.

Aka jera kujeru a ƙofar shago ƙarƙashin rumfa, aka tada janareta, aka haska fuskar kwamfuta a jikin bango da majigi yadda na baya ma zai gani. Iyayen yara sun zo, Alhaji Maccido ya zo da manyan ƙungiya, mutanena sun cika benci biyu. Aka yi addu'a, yara suka nuna nasu, aka tafa. Sai aka kira Bello.

Ya tashi yana gyara hula, ya roƙi Alhaji ya taso. Ya kama yatsan Alhaji ya taya shi rubuta sunansa. Aka danna. Sai ga shi a bango da manyan haruffa: Sannu da zuwa, Alhaji Maccido.

Alhaji ya ja da baya ya dubi bango, ya dubi jama'a. "Ta san ni?"

"Ranka ya daɗe, wa ab bai san ka ba?" in ji Bello.

Aka yi ta tafi. Alhaji ya ce a sake, aka sake, ta sake gaishe shi. Ni ina zaune ina murmushin tausayi. Na ce a raina bari su gama wasan yara.

Da aka kira ni ban je wurin kwamfuta kai tsaye ba. Jawabi na tsaya yi. Na ce akwai masu koya wa na'ura gaisuwa, akwai masu koya mata lissafi. Na yi bayanin lambobin da ba su kasuwa, da misalin albasa, jama'a suka gane, har wani dattijo ya ce haka ne. Na ce kuma abin da za ku gani yau ba a littafi yake ba, akwai ilimin kasuwa a ciki wanda na ƙara da kaina. Na hango Malama ta ɗago kai daga wayarta.

"Alhaji, zaɓi inda za a hwara da inda za a tsaya."

"Daga goma zuwa ɗari."

Na rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, don kowa ya gani. Na danna. Na juya na fuskanci jama'a tun kafin amsa ta fito, hannuna yana nuna bango a bayana, kamar mai tallan magani.

Ba tafi. Na ga mutanena suna miƙa wuya. Na waiwaya.

Bango fari fat. Ba jan rubutu, ba baƙi, ba komai, sai ɗan layin nan yana ƙifta mini ido.

Na sake dannawa. Na danna da ƙarfi. Na ce sabis ne, kun san halin sabis a Jega.

"Baba, ba ya buƙatar sabis," in ji Malama a hankali. Da ma ta bar ni da sabis ɗin.

"Hala lambobin sun tahi sallar azahar," in ji Bello daga kujerarsa. "A ba su lokaci."

Dariya ta fara daga bayan benci, kuma na gane muryoyin, mutanen da na biya wa mota ne. Na ce wurin ne ya yi ƙunci, lambobin nawa ba na ko'ina ba ne, a faɗaɗa. Alhaji, wanda har lokacin yana so ya taimake ni, ya ce to daga ɗaya zuwa dubu.

Na rubuta. Na yi bisimilla a fili. Na danna.

Lamba guda ta fito a saman bango, can a kusurwa, ita kaɗai: 2.

Muka tsaya muna kallonta, ita ma tana kallonmu.

"Lamba dubu ka aika," in ji Bello, "guda ta amsa kira. Bawana, ko zaɓen kansila ka tsaya ka hi haka."

Malama ta taso ta ce bari ta duba, ƙila wani abu ya goge. Ta buɗe rubutun, kuma da yake majigi na kunne, duk Jega ta gani tare da ita. Ta bi layi-layi da yatsa har ta tsaya. "Baba, wa ya sa 'ko ɗaya' a nan?"

A nan ne mai hankali zai ce kuskure ne ya zauna. Ni sai na gyara tsayuwa. Na ce ni na sa, kuma ina da hujja. Na ba da labarin matar nan da albasa bakwai. Na ce saura ɗaya gyara ne, duk ɗan kasuwa ya sani, na juya ga Alhaji na ce ko ba haka ba, ranka ya daɗe?

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ɗebo goro, ya zube a kan teburin da ke gabansa, ya fara jera shi bibbiyu. Ya gama, ɗaya ya yi saura. Ya cire guda daga ciki ya jefa a baki, ya sake jerawa, ba saura.

"Kai," in ji shi, yana tauna. "In kana kasa abu bibbiyu, mi ka iya yin saura?"

Bai jira amsata ba.

"Ko ba komi, ko guda. Akwai na ukku?"

Babu na uku. Na juya lissafin ta kowace fuska, babu. Duk lambar da ke duniya, in ka kasa ta bibbiyu, ko ta tashi daidai ko ɗaya ya rage, kuma ni da hannuna na gaya wa ɗan aikena duka biyun a jefar. Tun a gwajin farko yake watsar da kowa. Ita biyun ma da ta tsira, Malama ta ce don babu abin da za a gwada ta da shi ne a ƙasanta, ba don ta fi sauran ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba Malama mai digiri ce ta kama ni ba. Da ita ce, sai in ce boko ne, in koma gida da haushina cikakke. Alhaji ne, da goro, da irin lissafin da nake taƙama da shi.

"Wanga in an ba shi sito," in ji Alhaji yana tattara goronsa, "gyara za ya yi da shi dut, mu iske albasa biyu."

Har Malama sai da ta juya baya tana rufe baki da mayafi. Na koma kujerata. Aka miƙo mini lemo, na karɓa, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Kafin a yi addu'ar tashi Alhaji ya sanar. Bello ne sakatare. Mutumin da duk iliminsa bai wuce ya sa bango ya ce sannu da zuwa ba. Ya zo ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce kada in damu, duk sadda za a je Birnin Kebbi zai sa a ajiye mini wuri a baya, kusa da buhuna. A hanyar komawa, muna gab da shiga Aliero, sai direba, wanda ban ma san ya shiga wurin ba, ya tambaye ni ko in sauka a nan tun da saura kilomita ɗaya gyara ne.

Bayan kwana biyu na koma shagon, ba shadda, ba 'yan rakiya. Na cire kalmomin nan biyu. Na rubuta ɗaya da dubu na danna, suka zubo har suka cika fuskar kwamfutar suka gangara ƙasa. Malama ta ce, "Ka gani, Baba? Da ma daidai yake." Na ce na gani. Na ɗauki hotonsu a waya na tura wa Bello. Ya amsa da murya, ya ce Sakatare yana cikin taro, a tuntuɓe shi daga baya.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, kuma ba wai na daina ganin na fi Bello ba, don na fi shi. Abin da na koya shi ne, duk hikimar da ta zo maka kai kaɗai da la'asar, ka ji duniya ba ta taɓa tunaninta ba, to ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka danna ta sau ɗaya tukuna. In ta ba ka kunya, kai da bango ne kawai. Yanzu ko sabuwar fitila na sayo, sai na kunna ta a bayan gida kafin in kira mai ɗakina ta gani. In kuma har za ka yi taurin kai ka ƙi gwadawa, don Allah kada ka biya wa kowa kuɗin mota.